Jiki Ya Yi Magana, a Saurara ko a Tsawata Masa?

Ɗan Mawaƙa:

Salama gare ku 'yan'uwa,
Ga tambaya mai sa ni damuwa.
In kai ya sara, baya ya ƙage,
Gwiwa ta gaji da durƙusawa,
Muryar jiki ce za a saurara,
Ko jaraba ce abar gujewa?
Mai amsa ya amsa da baiti,
Zube a nan ba a karɓawa.

Dattijon Ikkilisiya:

Ɗana, jiki doki ne, riƙe shi,
Ka saki linzami, ka sha ƙasa da shi.
Bulus da kansa ya ce yana horon nasa,
Kar ya gama wa'azi a ƙi shi.
A Gatsemani barci ya kwashe Bitrus,
Har sau 3 Yesu na iske shi.
Ruhu ya yarda, jiki rarrauna ne,
Mai bin rarrauna, wa zai tashe shi?

Ma'aikaciyar Jinya:

Baba, na durƙusa, a yi mini haƙuri,
Zan ɗan tuna mana da Iliya.
A Dutsen Karmel ya tsaya shi kaɗai,
Da annabawan Ba'al 450 ya yi jayayya.
Wuta ta sauko, ruwan sama ya zubo,
Sai ga saƙon Yezebel sarauniya.
Ya gudu Biyasheba, ya nausa jeji,
A gindin itace ya ce ya gaji da duniya.
To, me Ubangiji ya yi masa, Baba?
Bai tambaye shi ina bangaskiya.
Mala'ika ya taɓa shi, ya ce tashi ka ci,
Ga gurasa, ga tulun ruwa a gefe ɗaya.
Ya ci, ya sha, ya koma barcinsa,
Aka sake tashinsa, don da sauran tafiya.
Kwana 40 ya taka har zuwa Horeb,
A can ne ya ji ƙaramar murya.
Ci da barci suka riga maganar zuwa,
Allah ne ya jera haka, ban ƙara ba ko ɗaya.

Dattijon Ikkilisiya:

'Yata, kin ja ni zuwa 1 Sarakuna 19,
Na buɗe, na gani, ban musa ba.
Amma ki lura, ya ci ne don ya tafi,
Ba don ya miƙe ƙafa ya zauna ba.

Uwar Zumunta:

Baba, wa ya ce a miƙe ƙafa?
Mu dai ka tambaye mu, mu mata.
Mu ne shara, mu ne waƙa, mu ne gaida mara lafiya,
Wata sai ta faɗi kafin a tuna da ita.
Ta ɓoye ciwo don kar a ce ta yi sanyi,
Ta kira shi gicciye, alhali gajiya ce ta ci ta.
Yetro ya ga Musa na shari'a safe har yamma,
Ya ce za ka ƙare, raba aikin ka huta.
Almajirai sun rasa ko lokacin cin abinci,
Yesu ya ce ku zo waje ɗaya ku ɗan huta.
Ya ta da 'yar Yayirus mai shekara 12,
Kowa na mamaki, shi ya ce a ciyar da ita.
Shi ma ya gaji a bakin rijiyar Yakubu,
Ya roƙi ruwa, bai ji kunyar ƙishin ba, ya furta.

Ɗan Mawaƙa:

Mama, na ji, amma da sauran ƙulli,
Lalaci ma yakan ce mini na gaji.
Yaya zan gane kukan jiki na gaske,
Da na son rai da ke kwaikwayon mai jin jiki?

Ma'aikaciyar Jinya:

Ɗan'uwa, gajiyar gaske in ka huta takan tafi,
Lalaci kuwa ko ya kwana yana nan.
Jiri, ganin duhu, bugun zuciya, rawar hannu,
Kar ka tsawata musu, saƙo ne ke nan.
Mai ciwon sukari ya ga likita kafin azumi,
Mai ciki da mai shan magani, su ma haka nan.
Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya magana,
Sai an gwada ake sanin yana nan.
Bulus ɗin Baba ya kula da cikin Timoti,
Ya ce kar ya tsaya ga ruwa kaɗai don ciwon nan.
Ya kira Luka ƙaunataccen likita,
Ya ce jikinku haikalin Ruhu ne, ku riƙe wannan.

Dattijon Ikkilisiya:

Kun taru a kaina, ku da ayoyinku,
To, gobe zan je a gwada jinina.
Amma addu'ar dare tana nan yadda take,
Mai gyangyaɗi zai ji taɓin sandana.