Ƙawarka na da ikon hana ka sayen makami wajen abokin gabarta?

Hamissou: Jama'a, ni dai ina nan kan bakana. Amurka ba ta da hurumin hukunta Turkiyya don ta sayi makamin kakkaɓo jiragen sama na S-400 wajen Rasha. Tun 1952 Turkiyya take cikin NATO, ba jiya ta shigo ba. Kuɗinta ne, sararin samaniyarta ne. Amma kayan suna sauka a Yulin 2019 aka fitar da ita daga shirin ƙera jirgin yaƙin Amurka na F-35, a Disamban 2020 kuma aka ƙaƙaba mata takunkumi. Wannan ba ƙawance ba ne, danniya ce.

Kawu Issoufou: Ɗana, na yi aikin soja, bari in gaya maka abin da ke ƙasa. S-400 ba bindiga ba ce da za ka saya ka rataya. Rada gare ta mai ƙarfi, aikinta gano jirgi da karantar kamanninsa. Shi kuwa F-35 duk tsadarsa a kan ɓuya daga rada take. In ka ajiye su ƙasa ɗaya, jirgin na tashi kullum, radar na kallonsa, ƙwararrun Rasha kuma su ne masu gyara da horo, to sirrin ya fita. Abin da Amurka ta ce tana tsoro ke nan, kuma a ganina tsoron na da tushe.

Hamissou: Allah ya ƙara girma Kawu, to Girka fa? Ita ma tana NATO, tana da S-300 na Rasha a tsibirin Kirit. Indiya ta ƙulla cinikin S-400 a 2018, ba wanda ya sa mata takunkumi.

Kawu Issoufou: Indiya ba ta cikin NATO, ba ta cikin masu ƙera F-35. Turkiyya kuwa a lokacin kamfanoninta ne ke yin ɗaruruwan sassan jirgin. Wanda ka ba makullin ɗakinka ba ɗaya yake da maƙwabci ba.

Malama Hadiza: Kawu, ka yi haƙuri, akwai abin da aka tsallake. Turkiyya ta nemi Patriot, makamin kakkaɓo jirgi na Amurka, ba a daidaita kan farashi da ba ta fasahar ba. A 2015 kuma, ana tsakiyar yaƙin Siriya, Amurka da Jamus suka kwashe Patriot ɗinsu daga kudancin ƙasar. Wanda aka bari haka dole ya nemi wata ƙofa. Mu ma mun gani. A Maris 2024 hukumomin Yamai suka soke yarjejeniyar soja da Amurka, suna cewa ana son hana mu zaɓen abokan hulɗa. A Afrilu masu horarwa na Rasha suka iso, a Agusta Amurkawa suka bar sansaninsu na Agadas.

Laminou: Yaya Hadiza, ni ɗan Madarumfa ne, kuma wallahi wannan zancen yana ci mini rai. Ƴan bindigar da ke kwashe mana shanu da mutane a kan iyaka, daga nan har Gidan Rumji, ba jirgi gare su ba. Babur gare su. Makamin kakkaɓo jirgi me zai yi musu? Manomi na son ya je gona ya dawo, shi ke nan. Ko daga Rasha ne ko daga Amurka, a kawo abin da ke ganin babur cikin daji da dare.

Malama Hadiza: Gaskiyarka, ƙanena. Shi ya sa jiragen Bayraktar marasa matuƙi da Nijar ta saya wajen Turkiyya tun lokacin Bazoum suka fi kusa da buƙatarmu.

Kawu Issoufou: To a nan ma ku lura. Ranar saye ba ita ce wahala ba. Kayan gyara, harsashi, makanikai, duk wajen mai sayarwa suke. Ka tara jirgin Faransa, na Amurka, na Rasha, na Turkiyya, kowane da irin horonsa, ranar da kuka ɓata da ɗaya kayansa su kwanta a filin jirgi. Ƴancin da Hamissou ke faɗa na yarda da shi, amma duk wanda ka saya wajensa ya riƙe ka shekara da shekaru.

Hamissou: Ai shi ya sa nake cewa a rarraba, Kawu. In mutum ɗaya ne ke ba ka komai, ranar da ya juya baya ba ka da kowa. Turkiyya ta rasa F-35, amma a Janairun 2024, da ta amince Suwidin ta shiga NATO, Amurka ta yarda ta sayar mata da jiragen yaƙi na F-16. Ashe ciniki ne, kowa da abin da ke hannunsa.

Kawu Issoufou: Turkiyya na da mashigin Bosforus, tana da sansanin Injirlik da sojojin Amurka ke amfani da shi, tana ƙera makamanta. Da su take ciniki. Mu sai ka faɗa mini da me za mu yi namu.

Hamissou: Yuraniyom na Arlit da man Agadem, Kawu.

Laminou: To a yi cinikin da su, amma a fara tambayarmu mu da ke bakin iyaka me muke buƙata.