Garin ciyawar teku a abincin zomo: wa ya taɓa gwadawa?

Maman Zomaye: Assalamu alaikum. Ina da uwaye 14, dusar alkama da harawar gyaɗa nake ba su. Wani mai abincin dabbobi ya kawo min garin ciyawar teku, wai yana gyara jini yana rage kitse, kilo ₦9,000. Wanda ya taɓa ba nasa, ya kai jininsu gwaji? Me hanta da ƙoda suka nuna? Jibi zai dawo jin amsa.

Na Sabon Gari: Ki ba su zogale kawai Hajiya.

Ɗan Kiwo: ₦9,000? Ni ₦4,500 na saya.

Baban Keji: Ni ko sunansa ba na son ji. Bara aka tallata min, na riƙa zuba cokali biyu a kowane kwano. Farko suka ƙi ci saboda ƙarnin kifi, da yunwa ta ci su suka ci. Sati bai zagayo ba suka kama shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari ya yi kauri fari fat, ƙasan keji kamar an zuba alli. Sai zawo. Uwa guda ta mutu da 'ya'ya takwas a ciki. Na kira mai kayan, har yau wayarsa a kashe.

Maman Zomaye: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri. Amma an duba jininsu?

Baban Keji: Wane jini? Kuɗin gwajin ya fi kuɗin zomon.

Ɗalibar Shika: Baba, cokali biyu ya yi yawa. A bincike kaɗan ake sawa, kamar kashi 1 ko 2 cikin 100 na abincin. Ciyawar teku na da gishiri da aidin sosai, aidin in ya yi yawa yana taɓa ƙwayar maƙogwaro. Zomo kuma ta fitsari yake fitar da rarar kalsiyam, shi ne farin da ka gani. Hajiya, a jijiyar kunne ake ɗibar jinin, a duba sinadaran yuriya da kiriyatinin don ƙoda, sinadaran ALT da AST don hanta. Ki tambayi mai kayan wace iri ce, domin irin da ake kira Sargassum da ke taruwa a gaɓar Legas da Ghana takan tara gubar asenik.

Baban Keji: 'Yata, shekara nawa kika yi kina kwashe kashin zomo? Boko daban, keji daban.

Ɗan Kiwo: Ai gaskiya ta faɗa. Kuma wa ya sani ko cutar nan ta zubar jini ce da ta kashe zomaye a Kwara a 2020?

Baban Keji: To nawa a Kwara suke?

Sarkin Tsokana: Zomon da ko rafi bai taɓa gani ba za a ba abincin teku. Gobe sai ya nemi jirgin ruwa 😂

Ɗan Diffa: Mu dihe muka sani, wani gansakuka da matan Kanembu ke kwasa a yankin Tafkin Chadi. Kore ne shi ma, amma ba na teku ba ne. Ku duba kar shi ake sayar muku.

Na Sabon Gari: Ku bar teku, ku zo kan dusa. Buhun da na saya jiya rabinsa ɓuntun shinkafa ne, ƙasan kuma yashi.

Ɗan Kiwo: Wallahi nima! Nawa ka saya?

Maman Zomaye: Jama'a, to in karɓa ko in bari?

Na Sabon Gari: ₦17,000, kuma bai cika ba.