Neman shawara: sabuwar nas ce ni, za mu koma wata jiha, asibitoci biyu sun kira ni

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan jinya. Na daɗe a zauren nan ina karatu, ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya zo kaina. Wata 4 ke nan da karɓar lasisina. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa wata jiha, ƙarshen watan gobe za mu tattara. Ba ni da kowa a can, ko ƙawa ɗaya. Na tura takarduna wuri biyar, biyu suka kira ni intabiyu, kuma duka biyun sun ce in zo.

Na farko babban asibitin koyarwa ne. Daga inda muka kama haya tafiyar kusan awa ɗaya ce, in babu cunkoso. Sun ce wata 6 na farko za a riƙa zagayawa da ni sassa daban-daban, daga nan su ajiye ni inda suka ga dama. Na biyu asibitin kuɗi ne mai gado 24, ko da ƙafa zan iya zuwa, kuma albashinsu ya fi na farkon nesa ba kusa ba. Mai asibitin ya ce sati ɗaya zan bi wata nas, sai in shiga jerin masu duti. Ya ce a wurinsu zan goge da wuri, don babu abin da hannuna ba zai taɓa ba.

Ban ɓoye muku ba, raina ya fi kwanta wa na biyun, ga ni da yaro ɗan wata 14. Amma na san kaina. Har yanzu kanula, wato 'yar robar da ake sakawa a jijiya don ƙarin ruwa ko magani, sai na soka sau biyu kafin in samu jijiya, in yaro ne ma hannuna rawa yake. Don Allah waɗanda suka riga mu a aiki, ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Anti mai shekara 22 a aiki:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Kafin in ce komai, amsa mini wannan. A asibitin kuɗin, nas nawa ke kwana kan gadajen 24? Likita a ciki yake kwana, ko sai an kira shi daga gida?

Mai tambaya:
Wallahi Anti ban tambaya ba. Maganar albashi da lokacin tashi kawai muka yi.

Anti mai shekara 22 a aiki:
Na san za a rina. Ni ma haka na yi a farkona, shi ya sa zan ba ki labarina ko da bai yi mini daɗin faɗi ba.

Watana na biyu a wani ƙaramin asibiti, ina dutin dare ni kaɗai da mai shara. Akwai wani dattijo da ya kwana uku yana amai da gudawa, gwajin jininsa ya nuna sinadarin fotasiyam ya yi ƙasa. Wajen ƙarfe uku na dare na kira likita a waya, cikin muryar barci ya ce a ba shi fotasiyam, ya kashe. Na fasa kwalba, na zuƙa a sirinji, na nufi gadon. Har na buɗe murfin kanular hannunsa. Sai ga wata tsohuwar unguwarzoma daga ɗakin haihuwa ta shigo aron filasta. Ta tsaya ta dube ni, ta riƙe mini wuyan hannu ta ce, "Yarinya, me ke cikin sirinjin nan?" Da na faɗa mata sai ta zare shi daga hannuna ba tare da ta ɗaga murya ba, ta ja ni gefe.

Duk wanda ke zauren nan ya sani, fotasiyam ba a tura shi kai tsaye cikin jijiya. Sai an tsinka shi a ledar ƙarin ruwa ya tafi a hankali, in ba haka ba yana iya tsayar da zuciya nan take. Kuma ki ji abin mamaki, na san wannan. An koya mana, ya fito a jarrabawa, na ci. Amma ƙarfe uku na dare, bayan na zagaya mutum 20 ni kaɗai, ƙwaƙwalwata fayau take. Da matar nan ba ta rasa filasta ba, da ban san wace rayuwa zan yi ba yau.

Don haka ni abin da nake dubawa ga aikin farko ɗaya ne: wa zai kasance kusa da ke in abu ya rikice? Da tsohuwar zuma ake magani. Albashi za ki same shi gaba in hannunki ya faɗa. Kuma maganar "hannunki zai taɓa komai", ki fassara ta da kyau, sau da yawa ma'anarta babu wani hannun sai naki.

Wani ɗan uwa daga sashen gaggawa:
Anti ta faɗi gaskiya, amma ina da ja a wuri ɗaya. Kada 'yar uwa ta ɗauka girman asibiti shi ne samun mai koya mata. Na yi aiki a babban asibitin da dare ɗaya muka kwana mu biyu a kan majinyata sama da 30, babbar da ke tare da ni ko numfashi ba ta da lokacin yi, balle ta tsaya nuna mini lissafin ɗigon ruwa. Na kuma ga ƙaramin asibitin da metiron ɗinsa, wato shugabar ma'aikatan jinya, ke zama da sabuwar nas kamar 'yarta. Sunan asibiti da fentinsa ba su ne aiki ba.

Abin tambaya shi ne majinyata nawa ke kan nas ɗaya, da rana da kuma da dare. Wannan ba son jiki ba ne. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun wallafa binciken da suka yi a asibitoci 168 na jihar Fensilbaniya ta Amurka, suka gano duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas yana ƙara haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin 100 a cikin kwana 30, ita kuma nas ɗin haɗarin aikin ya gundure ta gaba ɗaya yana ƙaruwa da kashi 23. Jihar Kalifoniya har doka ta yi, ta fara aiki a 2004: a ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyu, a ɗakunan kwanciya na gama-gari kuma yanzu biyar ne. Mu dai mun san wurare da yawa ba su ko kusa da haka, amma aƙalla kina da ma'auni a kanki.

Shawarata, gani ya kori ji. Ki je duka biyun da kanki lokacin miƙa aiki, da safe ko da yamma. Ki tsaya ki ga yadda masu tashi ke miƙa wa masu shigowa. Gado-gado suke bi, ko a tsaye bakin ƙofa da jaka a kafaɗa? Ki leƙa takardar duti da ke manne a bango ki ƙirga sunaye. Ki nemi nas mafi ƙanƙanta a wurin, ki tambaye ta yaushe ta zo, kuma wadda ta gada me ya kore ta.

Wata uwar yara uku:
Ku yi haƙuri, ni na ga kowa ya manta da yaron. Tafiyar awa ɗaya bayan kin kwana a tsaye ba wasa ba ce. Na yi shekara biyu a haka, akwai ranar da barci ya ɗauke ni a mota na wuce inda zan sauka. Ga ki baƙuwa a gari, ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi wa za ki bar wa? Ni kam na kusa zan ɗauka. Ilimi ana samunsa ko'ina in mutum yana tambaya.

Anti mai shekara 22 a aiki:
Maman yara, maganarki tana kan hanya, ban raina ta ba. Amma tambaya sai da wanda za a tambaya.

Malama daga makarantar koyon jinya:
'Yata, rawar hannun da kika ambata kada ta dame ki, kowa da haka ya fara. Patricia Benner, wata malamar jinya a Amurka, ta kasa ƙwarewar nas mataki biyar tun a shekarun 1980, daga ɗan koyo har zuwa gwani. Ta ce matakin tsakiya, inda nas ke iya tsara aikinta da kanta ta san wanne za ta gabatar wanne zai jira, sai bayan shekara biyu zuwa uku a aiki iri ɗaya. To ki auna wannan da sati ɗayan da aka ce za a ba ki. Kafin ita ma, a 1974, Marlene Kramer ta yi rubutu kan girgizar da sababbin nas ke shiga idan suka tarar aikin gaske ya sha bamban da na makaranta. Ɗalibaina da yawa a watanni na uku zuwa na shida suke kirana suna kuka, su ce ba su dace da aikin ba. Waɗanda ke da babba a gefe suna haye wannan gaɓar. Waɗanda aka bari su kaɗai su ne nake jin sun ajiye farar riga sun koma wata sana'a.

Zagayen sassan da kike gani kamar takura, ni gata na ɗauke shi. Ba ki san inda za ki so ba tukuna. Na sha ganin wadda ta rantse ba za ta yi ɗakin yara ba, yau a can ta yi suna.

Wani mai kula da ma'aikata:
Ni ta fannin takardu zan sa baki. Ki tabbatar da matsayin lasisinki a inda za ki. Akwai ƙasashen da lasisi ɗaya ke aiki a duk faɗin ƙasa, akwai kuma irin Amurka inda kowace jiha ke ba da nata, ko da yake da yawansu sun ƙulla yarjejeniyar amincewa da na juna. Ki tambayi hukumar da ta ba ki, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta.

Sannan duk alkawarin da ba a rubuce yake ba, ki ɗauka ba a yi shi ba. Takardar ɗaukar aiki ta nuna tsawon lokacin gwaji, awa nawa a sati, dare nawa a wata, alawus na dare, hutun shekara da na haihuwa, da wa'adin sanarwa in za ki bar aiki. In akwai sharaɗin sai kin yi shekara kaza ko ki biya tara, ki karanta shi sau biyu. Ki kuma tambaye su, in allura ta soke ki tsakar dare, wa za ki gani? Maganin kariya daga cutar HIV ana fara shi ne cikin awa 72, gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa, a sha kwana 28. Asibitin da ya yi inda-inda a wannan tambayar ya gaya miki ko shi wane ne. Rigakafin ciwon hanta nau'in B kuma allura uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. In ba ki cika ba ki cika.

Wata 'yar ajin mai tambaya:
Ni dai na zo ɗaukar darasi, ban da ta cewa. Amma albashi mai tsoka ga wadda ba ta da ko wata ɗaya a aiki? Ruwa ba ya tsami banza.

Mai tambaya, bayan kwana tara:
Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto. Mun je duba gida, na yi amfani da damar na leƙa duka biyun kamar yadda Yaya na sashen gaggawa ya ce.

A asibitin kuɗin nas ɗaya ce ke kwana, da mai taimaka mata ɗaya. Likita a gida yake, kiransa ake yi. Takardar dutin da ke bango sunaye bakwai ne, an soke biyu da biro. Wadda aka ce zan bi sati ɗaya watanta 8 da fara aiki, kuma da muka keɓe ta raɗa mini cewa ita ma tafiya za ta yi, gurbinta ne zan cike. Mutanen kirki ne, wurin tsaf, har ruwa suka ba ni. Amma gabana faɗuwa ya riƙa yi.

A babban kuwa hayaniya kamar kasuwa. Ɗakin da na shiga gado 30, nas uku da dare. Metiron ɗin ba ta da fara'a ko kaɗan, a gabana ta dawo da wata daga bakin ƙofa saboda ba ta rubuta yawan fitsarin wani majinyaci ba. Amma gado-gado suka bi wajen miƙa aiki, kuma ta ce sabuwa ba ta shiga dare sai bayan wata uku, in ta shiga ma tare da babba. Na ce a rubuta mini, ta harare ni, sannan ta ce yana cikin takardar da za a ba ni.

Babban zan ɗauka in sha Allah. Maman yara, maganarki ba ta faɗi ƙasa ba, ita ta sa maigidan ya fasa gidan farko, muna neman wanda ya fi kusa da babban asibitin ko da ya fi ƙanƙanta. Mai rainon yaro ce har yanzu ban samu ba, kuma ita ce ke hana ni barci. Saura abu biyu. Yaya zan faɗa wa mai asibitin kuɗin ba tare da na ɓata ba? Kuma ya taɓa cewa ko ranakun hutuna zan iya zuwa in riƙa yi musu duti ana biyana. In karɓa?

Anti mai shekara 22 a aiki:
Kada ki ce masa komai sai takardar babban ta shigo hannunki da sa hannu. In ta zo, ki je da ƙafarki, ba ta waya ba, ki gode masa, ki ce kin samu inda za a horar da ke ne. Garin baƙo ne gare ki, kuma ma'aikatan lafiya duk sun san juna, wata rana za ku haɗu. Dutin ranar hutu kuwa a'a, ba bana ba. Daren da kika guda shi za su ba ki, ke kaɗai. Maganar raino kuma ki tambayi nas ɗin ɗakinku tun ranar farko, ba za a rasa mai goyo a cikinsu ba, su suka san inda suke kai nasu.