Muna son shirya taro kan larurar Down a Katsina, ta ina za mu fara?

Yayar Auta:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, ina aji uku. Ni da ƙawayena shida muna son yin aikin al'umma ranar 21 ga Maris, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa masu larurar Down tun 2012.

Abin a gidanmu yake. Autanmu yana da ita, shekararsa tara. Da aka haife shi, dangi suka ce ɗan ruwa ne. Aka yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe, har wata tsohuwa ta ce a kai shi bakin rafi a ajiye a ga ko zai koma wurin masu shi. Sai da ya shekara biyu wani likita ya zaunar da Mama ya yi mata bayani: kowane mutum yana da kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta daga iyaye, guda 46 a ƙwayar halittarsa, biyu-biyu, shi kuwa na 21 ɗinsa uku ne. Daga nan ma aka samo ranar 21 ga wata na uku. Mama ta yi kuka ranar, ta ce ashe ba ita ta jawo ba.

Mun haɗa naira dubu tamanin. Shirinmu mu buga riguna, mu yi tattaki daga Ƙofar Ƙaura, sannan a yi lacca. Matsalar ita ce Mama ta ce ba za ta bari a fita da yaronta ana kallonsa ba. In uwata ta ƙi, wace uwa ce za ta yarda? Don Allah ku ba mu shawara.

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya saka muku. Ni dai da za ku ji tawa, ku bar maganar riguna. Kuɗin zai ƙare a wurin mai bugawa, gobe kowa ya manta.

Abin da iyaye suka fi buƙatar ji shi ne kusan rabin yaran nan ana haifarsu da matsalar zuciya, kuma wasu ana iya yi musu aiki idan an gano da wuri. Da yawa ba sa ji sosai, wasu suna buƙatar tabarau, wasu kuma wata halitta da ke maƙogwaronsu, wadda ake kira thyroid, ba ta aiki yadda ya kamata, gwajin jini ne ke nunawa. Sau nawa ake cewa yaro ba ya gane magana, alhali kunne ne! Ku rubuta takarda ta hannun shugaban sashenku zuwa ɓangaren yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya, ku roƙi likita ɗaya ya ba ku awa biyu.

Sannan ku kula da kalmar galahanga. Mutane na zuba kowace larura a cikinta, har wadda ba ta da alaƙa da wannan. Ku faɗa wa mutane ba a ɗauka, ba abin da uwa ta ci ba ne, ba iska ba ce. Gaskiya ne ta fi samuwa idan shekarun uwa sun ja, amma 'yan mata masu haihuwar fari ma suna haifa.

Maman Yara Biyar:

'Yata, mahaifiyarki tana da gaskiya, kada ki ga laifinta. Tawa shekararta sha huɗu. Makarantu uku suka ƙi karɓarta, ɗaya ma cewa aka yi za ta tsorata yara. Na taɓa kai ta wani taro, aka jera su a gaba, aka yi ta ɗaukar hoto ana raba sabulu. Washegari na ga fuskar 'yata a Facebook. Ban sake zuwa ba.

Kin san abin da zai fito da ni? A ce mini mata ne zalla, a cikin gida ko aji, ba mai ɗaga waya. In zauna kusa da wata uwa in tambaye ta yadda ta koya wa nata zuwa bayi, da abin da za ta yi idan 'yarta ta fara al'ada. Shekara sha huɗu ban samu wanda zan yi wannan hirar da shi ba. Yarinyar nan tana wanke-wanke, ta haddace ƙananan surori, ita ke fara gaishe da baƙo. Ina son wani ya san haka.

Tsohon Hedimasta, Daura:

'Yan mata, kada ku tsallake mai unguwa da liman. Mace ba za ta fito ba sai maigida ya yarda, maigida kuma maganar liman yake ji. Ku nemi a ɗan taɓo zancen bayan sallah. Ku kuma gayyaci shugabannin makarantun firamare na unguwar, ku tuna musu dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da marigayi Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Tattaki kuwa, a zafin Maris na Katsina, da yara masu ciwon zuciya? A'a.

Yayar Auta:

Na gode Anti, na gode Mama, na gode Baba. Na karanta wa mahaifiyata abin da Maman Yara Biyar ta rubuta. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce in dai ba hoto za ta zo, kuma ita za ta dama kunu. Mun soke riguna da tattaki. Kuɗin za mu sa a tabarmi, ruwan sanyi da kuɗin adaidaita ga matan da ke nesa. Gobe za mu je wurin mai unguwa tare da yayanmu.

Maman Yara Biyar, za ki yarda ki fara magana ranar? Ina ganin in suka ji daga bakinki, sauran za su saki jiki.