Don Allah a ba ni shawara kan aikina na hasashen zaɓe

Abba: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe, kimiyyar kwamfuta. Tun kafin azumi nake tara rubuce-rubucen mutane a X (wato Twitter) don in yi hasashen wanda zai ci zaɓen 2027. Kwamfutar ma ta yayana ce, sai ya taso daga shago da dare nake samunta, ga wutarmu ba ta zama, kuɗin data kuma daga adashin Umma yake fita. Jiya malamin da ke duba aikin ya leƙa shafi biyu, ya turo mini takardun, ya ce in sake tunani. Saura sati shida. Wallahi ko barci na kasa.

Baban Hanifa: Gata malaminka ya yi maka. A 2023 wanda ya leƙa Twitter sai ya rantse Peter Obi ya gama cin zaɓe. Da aka ƙirga, Tinubu ya samu kusan miliyan 8.8, Atiku kusan 7, Obi 6.1. Tsohuwar da ke bin layi a Bichi tun da sassafe rediyo take ji, ba ta cikin lissafinka. Canza maudu'i kawai.

Abba: Yallaɓai, ai Obi ya ci Legas. Ke nan bayanan ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba.

Maman Sadik: Kai dai ka yi haƙuri ƙanena. Ni nawa malamin sau huɗu ya sa na sake babi na biyu, ina goyon ciki, ƙarshe ko buɗewa bai yi ba. Har yau abin na cina.

Injiniya: Kada ka canza. Nemi NaijaSenti na 2022, tarin rubuce-rubucen Twitter ne da masu bincike suka haɗa, akwai rubutun Hausa a ciki da aka riga aka tantance yabo da suka. Sai dai gatse zai wahalar da kai. Mutum ya rubuta "sannu da ƙoƙari" yana zagi, na'ura ta lissafa shi masoyi.

Baban Hanifa: Ga sojojin baka kuma, mutum ɗaya da shafuka goma, ana saka masa data. Su za ka ƙirga? Na faɗa maka, canza.

Abba: Masu maimaita rubutu na cire su ai. Kuma wata biyar na yi a kan aikin nan, da wane ido zan kalli Umma? Injiniya, shi gatsen ya ake gane shi?