Me za mu kira "motherboard" da Hausa? Jibi zan shiga situdiyo

Mai Shiri: Assalamu alaikum. Jibi da safe za a ɗauki shirina na kimiyya a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya min a maƙogwaro. Zancen Commodore 64 ne, kwamfutar gida da ta fito a 1982. Kamfanin ya durƙushe tun 1994, amma masoyanta na nan, har ana ƙera mata sabon motherboard, wato farantin da ake dasa kayan cikin kwamfuta a kai, mai zama daram a tsohon gidanta. Burinsu ya zo da kafar HDMI saboda talabijin ɗin yanzu, ya karɓi katin SD maimakon kaset da faifai, kuma a sa masa kariyar wuta, don tsohuwar adaftarta idan ta tsufa takan turo fiye da bolt 5 ta ƙone kayan ciki. Sau wajen goma zan ambaci abin. Me zan ce?

Ɗan Gyara: Wa alaikumus salam. Mu dai a bakin aiki fanel muke cewa, ko bod. Kowa ya gane.

Malama Nahawu: "Babban allo" fa?

Mai Shiri: Malama, allo ya sha kaya. Fuskar kwamfuta allo, madannai allo. A Commodore 64 kuwa madannan a jikin kwamfutar suke, abin yana ƙarƙashinsu. In na ce babban allo, mai sauraro talabijin zai hango.

Baba Ƙamus: Fanel? Bod? Subhanallahi. Hausa ba ta mutu ba. Shekara da shekaru ina cewa "matattara". Wurin da komai ke taruwa ke nan, a tsarin makaranta da ma'aikata. Ba aro, ba kwaikwayo.

Malama Nahawu: Baba, matattara ta yi faɗi. Matattarar ruwa, matattarar bayanai, har matattarar 'yan daba. Ni na sake tunani: uwar ba laifinta. Muna da uwar riga, uwar kuɗi, uwar maƙera. Duk inda aka ce uwa, jigon abin ake nufi, sauran a kansa suke rataye. Sai mu ce "uwar kwamfuta".

Baba Ƙamus: Fassarar Turanci ce kika yi wa lulluɓi. Kuma "kwamfuta" ma na'ura mai ƙwaƙwalwa ce.

Ɗan Gyara: Allah ya ja kwana, Baba, na'urar ma ai daga Larabci take. Allo ma haka. Na Larabawa ya zama ɗan gida, namu na shago ne shege?

Baba Ƙamus: Wancan ya kwana ƙarni a bakinmu. Naku jiya ya zo. Ku yaran nan kunyar harshenku kuke ji.

Ɗan Gyara: Ba kunya ba ce. Ka zo sayen aisi, ɗan ƙaramin abin nan mai ƙafafu da ake dasawa a kan fanel, ka ce "ƙwayar lantarki", fitila za a miƙo maka.

Mai Shiri: Don Allah a dawo. Aisin ma ina da shi a shirin. Babban gardamar masoyan a kan SID ce, aisin nan mai ba da sauti mai murya uku. Wasu sun ce dole sabon ya bar gurbin dasa na asali, samfurin 6581 ko 8580, don sautinsu ba ɗaya ba ne. Wasu sun ce a kwaikwaye shi kawai da FPGA, wani aisi da ake iya tsarawa ya yi aikin wani, tunda an daina ƙera shi. Akwai ma masu cewa in an sauya komai har 6510, aisin da shi ne ƙwaƙwalwar kwamfutar, to gidan kawai ya rage.

Malama Nahawu: To ka ga amfanin uwa. "A dasa wa sabuwar uwa 'ya'yan tsohuwa." Gwada wannan jimlar da matattara mu ji.

Baba Ƙamus: Shiri na ilimi ake, ba zaurance ba.

Mai Shiri: Ga abin da zan yi. Farkon ambato: "uwar kwamfuta, wadda masu gyara ke kira fanel". Daga nan sai uwa kawai. Aisi ya zauna yadda yake, lokaci ya ƙure.

Ɗan Gyara: Ba laifi. Amma a shago fanel ne.

Baba Ƙamus: Tunda ka haɗa da fanel ba ruwana. Uwar dai na haƙura da ita na wannan makon. A littafina matattara na rubuta, kuma ba zan goge ba.