Halwasa da Hausa, me za mu ce mata?

Salamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu kenan abin nan yana cina a rai, gara in kawo shi nan mu haɗu mu warware. Na raka wani dattijo maƙwabcinmu nan Shara Mansur zuwa mustashfa, wato asibiti, ya haura tamanin, yanar ido ta kusa rufe masa gani, kuma duk daɗewarsa a Makka Larabcinsa na ciniki ne kawai, to ni ne tafinta. Daktor ya juyo ya ce min tambaye shi ko yana samun halwasa. Wallahi sai na tsaya cak. Halwasa na san ta, kalmar Larabci ce, ita ce Turawa ke ce wa halusineshan, amma da Hausa fa? Abin da ya fara zuwa bakina shi ne aljanu, Allah Ya taimake ni na haɗiye.

Sai na ce Baba, ko akwai abin da kuke gani wanda mu ba ma gani? Ya yi shiru yana murza carbinsa, can ya ce ƙasa-ƙasa, kullum bayan Magariba wasu 'yan ƙananan mutane masu jajayen huluna suna jeruwa a jikin bangon ɗakinsa, ba sa magana ba sa taɓa shi, kuma ya san sarai babu su. Wata bakwai bai faɗa wa kowa ba, har Hajiya matarsa, don kar a ce ya taɓu.

Daktor ya ce wannan ba taɓin hankali ba ne ko kaɗan, idan ido ya raunana saƙo ya daina isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata sai ita ta riƙa cike gurbin da hotunan kanta. Har suna gare shi, ciwon Charles Bonnet, sunan wani masani ɗan birnin Janiba na ƙasar Switzerland da ya rubuta labarin kakansa a 1760, tsoho ne shi ma mai yanar ido da ke ganin mutane da tsuntsaye da gine-gine alhali hankalinsa garau. Da na fassara wa Baba sai da idonsa ya kawo ruwa. Tun ranar nake cewa rashin kalma ɗaya tak ya sa bawan Allah nan ya yi wata bakwai cikin tsoro.

To ga ma'anar halwasa da likitoci suka tsaya a kai, tun wani likitan Faransa mai suna Esquirol da ya fayyace ta a littafinsa na 1838: mutum yana farke, ya ga abu ko ya ji abu kamar gaske, alhali babu komai a wajen. Shi ne kuma ya raba ta da wadda akwai abin amma ido ya juya shi, kamar ka ga igiya da dare ka ɗauka maciji ne. Wannan ta biyun muna da ita, idona ya yi min gizo, shi ke nan ba sai an nemo wata ba.

Na fara tambayar mutane a majalisa bayan Isha. Wani ya ce mafarki, na ce a'a, mai mafarki barci yake. Wani ya ce sambatu, shi ma bai hau ba, sambatu maganar da mara lafiya ke yi ce, abin da muke ji daga bakinsa, ba abin da shi yake gani ba, ko da yake sau da yawa tare suke zuwa, duk wanda ya yi hidimar alhazai a Mina lokacin zafi ya ga wanda rana ta buga yana surutai yana nuna abin da babu, balle aikin Hajjin 2024 da zafi ya haura digiri 50. Waswasi kuma tunani ne a zuci. Kawalwalniya ma aka kawo, amma ita ai kowa a mota yana ganinta a kan kwalta hanyar Madina, har kyamara tana ɗauka.

Ni dai inda na tsaya shi ne gane-gane. Ba ƙirƙira na yi ba, iyayenmu suna faɗa, yaro in zazzaɓi ya yi zafi a ce yana gane-gane. Sai matsala ɗaya, halwasa ba ta ido kaɗai ba ce. Masu ciwon da Larabawa ke kira fusam, wato sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, yawancinsu murya suke ji, wani a zage shi wani a ba shi umarni. Mai farfaɗiya kan ji warin ƙonewa gab da ta kayar da shi. Wanda ƙwaya irin kabtagon ta ci ƙarfinsa yana iya jin kamar ƙwari na yawo a fatarsa. Kuma a nan ne Hausa ta burge ni wallahi, ku duba fa, mu da ji muke yin duk waɗannan, jin magana, jin wari, jin ɗanɗano, jin abu a jiki. Kenan in ka ce gane-gane da jiye-jiye ka tattara duka biyar ɗin da likitoci ke lissafawa, ba ka bar ko ɗaya ba.

Wata Yaya tamu daga Jidda ta ce min ita ba ta yarda ba, don da ka ce gane-gane mutanenmu iska za su ji, a wuce wajen mai ruƙiyya a manta da asibiti. Maganarta akwai nauyi, na kwana ina juya ta. Amma in muka ce halwasa yaranmu haifaffun nan ne kawai za su gane, kuma su ma a bakin titi kalmar ta fi tafiya da 'yan ƙwaya, alhajin da ya sauka jiya daga Sakkwato ko Maraɗi bai san ta ba sam. Gara kalmar da tsoho ya sani, sai mu ɗora mata bayani, a ce gane-gane alama ce kamar zafin jiki, ana tambayar me ya kawo ta. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana kawowa, rashin barci na kwanaki, zaƙami, ciwon Parkinson mai sa karkarwar jiki da wasu magungunansa, har lafiyayye yakan ji an kira sunansa daidai lokacin da barci ke ɗaukarsa. Addu'a kuma ba wanda ya hana, a yi ta ana neman magani.

Wanda yake da wadda ta fi wannan, musamman guda ɗaya gajera da za ta haɗa gani da ji, don Allah ya ajiye ta a ƙasa, 'yan uwanmu na Gadarif da Mai Wurno a Sudan ku ma ku faɗa mana yadda tsofaffinku ke cewa. Ranar Lahadi za mu koma da Baba a sa masa ranar aikin ido, kuma ya ce wannan karon da Hajiya za mu je, yana so ta ji bayanin daga bakin daktor.